Likita biyu, suna biyu: wane ciwo ne ke damun ƙanina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ƙanina ɗan shekara 24 ne, shi ke tsaron shagon yadin mahaifinmu. Bayan Babbar Sallah ya daina barci, ya yi kusan kwana goma yana surutu dare da rana, ya rabar da kayan shago kyauta, yana cewa an ba shi walittaka kuma wata murya daga sama tana kiransa ya gyara duniya. An yi masa ruƙiyya ba a ga sauƙi ba, muka kai shi asibiti aka ce sikizofireniya ce. Bayan wata biyu ya dawo garau, wani likitan kuma ya ce ciwon baifola ne. Yanzu yana so ya ajiye magani tunda ya warke, ga shi an sa ranar aurensa. Bara ma ya yi wata uku a ɗaki ba ya magana, amma mun ɗauka ɓacin ran faɗuwa jarrabawa ne. Wane likitan ne ya yi daidai, kuma zai rabu da ciwon nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ɗorar masa da lafiyar da ya samu, ke kuma ya saka miki da alheri bisa tsayuwar da kika yi a kansa. Yanke hukunci a kan ciwonsa haƙƙin likitan da ke ganinsa ido da ido ne, amma labarin da kika bayar ya fi karkata ga maganar likita na biyu, kuma bakin zaren yana cikin watanni ukun nan na bara, waɗanda kika kawo a ƙarshe kamar ba su da alaƙa da sauran.

Halin da kuka gani da idonku, inda mutum zai kafe a kan abin da ba haka yake ba, ya riƙa jin muryar da babu mai ita ko yana gane-gane, zancensa ya warwatse har a kasa bin sawunsa, shi likitoci ke kira saikosis, wato yankewar hankali daga zahiri. Wannan hali alama ce, kamar dai zazzaɓi. Jiki kan yi zafi saboda maleriya ko taifot ko sanƙarau, kuma wanda ya ɗora hannu a goshin mara lafiya ba zai bambanta su da taɓawa kaɗai ba. Haka yankewar hankali take: sikizofireniya, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai daɗewa da ke rikita tunani, na kawo ta, baifola na kawo ta, wiwi da ƙwayoyi na kawo ta, ciwon jiki da ya taɓa ƙwaƙwalwa ma na kawo ta. Mu a harshenmu duk mun haɗa su a kalma ɗaya, hauka, kalmar kuma tana sa a ɗauka abu ne da ba ya tafiya, shi ya sa iyalai da yawa ke yanke ƙauna tun ranar farko. Likitan da ya ga ƙaninki a kwana na goma yana sambatu bai runtsa ba, ba lallai ne ya yi sakaci ba, domin a wannan ranar cututtukan biyu suna kama da juna ƙwarai, musamman idan babu wanda ya ba shi labarin bara.

Baifola ciwo ne na yanayin zuciya, kuma zango-zango yake zuwa. Akwai zangon tashi, wanda ake kira maniya, akwai zangon faɗuwa, wato matsananciyar damuwa, tsakaninsu kuma mutum kan koma yadda aka san shi, wani lokaci har shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da shi a shekarar 2019, kuma ya fi soma bayyana a daidai shekarun ƙaninki ko ƙasa da su kaɗan. Babbar alamar tashi ita ce gushewar buƙatar barci, kuma ina so ki bambanta ta da rashin barcin da kowa ya sani. Mai rashin barci yana son barcin, yana juyi a shimfiɗa, gari ya waye masa a gajiye. Mai maniya kuwa zai yi awa biyu, ko ma bai yi ba, ya tashi da kuzarin da ya fi na kowa a gidan. Sai surutun da ba a iya katsewa, tunani yana tsalle daga wannan batu zuwa wancan, ganin cewa ya fi ƙarfin kowa, kyauta da sayayya ba lissafi, da saurin fushi idan an tare masa hanya. Idan wannan hali ya kai mako guda, ko ya tsananta har sai an kwantar da shi ko da bai kai makon ba, an sami cikakkiyar maniya. Akwai mai sauƙi wadda ba ta rusa harkokin mutum, amma da zarar sambatu ko jin murya sun shigo, an wuce wannan matakin. Fiye da rabin masu cikakkiyar maniya suna samun yankewar hankali aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, saboda haka abin da ya sami ƙaninki sanannen abu ne a wannan ciwo.

Sambatun baifola galibi suna bin sawun yanayin zuciyar. Wanda ke sama yakan ga an ba shi walittaka, ko shi ne Mahadi, ko ana shirin naɗa shi sarauta. Wanda ke ƙasa kuma yakan kafe cewa ya aikata zunubin da ba a gafartawa, ko shi ya jawo wa gidansu talauci, ko hanjinsa ya ruɓe, muryar da yake ji tana zaginsa. Ciwon ɗaya ne a ko'ina cikin duniya, sai dai wanda ya tashi cikin addini, da kalmomin addini ciwon zai yi magana a bakinsa. Wannan ne ke rikita iyali, domin a kwanakin farko abin kan yi kama da shiriya, yaro ya duƙufa tsayuwar dare, yana wa'azi yana sadaka, har a riƙa yi wa iyayensa barka. Abin da nake ce wa mutane su duba shi ne ko canjin ya zo farat ɗaya, ko ya zo tare da ƙaurace wa barci, ko malaman da shi kansa yake girmamawa sun kasa gane inda zancensa ya dosa, da kuma ko yana barin ɓarna a bayansa, kamar rabar da jarin da ba nasa ba. Wani lokaci sambatun ba sa bin yanayin, mai maniya ya riƙa cewa maƙwabta sun yi masa asiri ko ana bibiyarsa ta waya, kuma wannan ma bai isa a ce sikizofireniya ce ba. Babu wata murya ko wani sambatu da shi kaɗai zai raba cututtukan nan biyu.

Abin da ke raba su shi ne yadda suke tafiya da lokaci. A shekarar 1899 wani likitan Jamus mai suna Emil Kraepelin, bayan ya bi marasa lafiyarsa shekara da shekaru yana rubuta yadda kowa ya ƙare, ya kasa su gida biyu: masu ciwon da ke zuwa ya tafi ya bar mutum da hankalinsa, wanda baifola ke cikinsa, da masu ciwon da ke cin mutum sannu a hankali, wanda a yau ake kira sikizofireniya. An gano daga baya cewa iyakar ba ta kai kaifin yadda ya zana ta ba, tunda masu sikizofireniya da dama suna samun sauƙi mai kyau, amma har yau ta tarihi ake gane baifola, gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa ba sa nuna shi. Likita zai tambaya, me ya fara zuwa, ƙin barci da zumuɗi ko jin muryar? Da zumuɗin ya kwanta, muryar ta tafi tare da shi ko ta zauna? An taɓa yin mako biyu yana jin murya alhali ba ya sama ba ya ƙasa? Idan an taɓa, akwai wani ciwo na tsakiya da ya haɗa siffofin biyun, wanda shi ma sai an auna. Bayan ya sauko, ya koma cikin abokansa da raha kamar da, ko ya zama mai janyewa, fuska ba walwala, ba ya kula da tsabtar jikinsa? A dangi akwai wanda aka sani da irin wannan tashi da faɗuwa, ko macen da ta rikice bayan haihuwa? A labarinki barci ne ya fara tafiya, sambatun sun dace da zumuɗin, komai ya gushe tare cikin wata biyu, ga kuma zangon faɗuwa a bara. Wannan ita ce siffar baifola mai tafe da yankewar hankali.

A bakinku ake samun waɗannan amsoshi, domin mai maniya bai yarda yana ciwo ba, gani yake bai taɓa lafiya irin ta yau ba, idan kuma ya faɗi ƙasa sai ya tuna kwanakin tashin a matsayin lokacin da yake daidai. Ki zauna da mahaifiyarku ku rubuta tarihin a takarda, wata bayan wata, kuna kafa shi da abubuwan da ba a mantawa irin su azumi, sallah, biki ko rasuwa. Wannan kuskuren suna ana yin sa ko'ina, bincike a Amurka da Ingila ma ya sha nuna cewa baƙaƙen fata masu baifola an fi saurin laƙaba musu sikizofireniya. Gyara sunan kuwa yana da amfani, domin maganin kwanakin farko kusan iri ɗaya ne, amma na shekarun da ke gaba ya bambanta.

Kafin a tsayar da kowane suna, wajibi ne a kore ciwon jiki da abin da aka sha. Wanda ya rikice tare da zazzaɓi, bai san inda yake ba, hankalinsa na zuwa yana tafiya cikin yini guda, sai a nemi maleriyar da ta hau kai, taifot, sanƙarau, faɗuwar suga ko ciwon ƙoda da hanta, kuma ɗakin taimakon gaggawa ne wurinsa. Mai maniya galibi ya san gari ya san rana. Akan auna aikin tayirod, ƙullin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, domin idan aikinsa ya yi yawa yana kwaikwayon maniya, akan yi gwajin ƙanjamau da tunjere, a tambayi tarihin farfaɗiya da buguwa a kai. Deksametason da firednisolon, waɗanda ake saya a kemis don ciwon gaɓoɓi ko 'yan mata su sha don ƙiba, suna iya tayar da maniya sak. Wiwi, tiramol, kodin da ƙanƙarar nan da ake kira ayis duk ana tambayarsu. Roƙona a nan shi ne kada kunya ta sa ku ɓoye wa likita idan ƙaninki ya taɓa shan wani abu, kada kuma samun wiwi a fitsari ya sa a rufe bincike, domin sau da yawa tashin ciwon ne ke jan matashi ga shaye-shayen. Idan alamun sun zarce makonni bayan abin ya fita daga jiki, akwai ciwo a ƙarƙashi.

Magani mataki biyu ne, sauko da shi da kuma hana ciwon dawowa, na farkon kuwa kun riga kun gani. Mai cikakkiyar maniya da sambatu yawanci kwanciya asibiti ta fi masa, saboda a kare shi daga hatsarin hanya, da faɗa da mutanen da ba su san ciwo yake yi ba, da asarar dukiya da mutuncin da zai farka ya tarar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanar da sa mata hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tsara yadda za a kwantar da wanda ya ƙi yarda idan akwai hatsari, ta kuma tabbatar masa da haƙƙinsa na mutuntawa. Ɗaure mara lafiya da mari ko kai shi inda za a yi masa bulala azaba ce a kan azaba, kuma na ga waɗanda suka warke daga ciwon amma tabon sarƙa a ƙafa da tsoron 'yan'uwansu suka zauna musu.

Magungunan da ke kwantar da sambatu sun samo asali ne daga 1952, lokacin da likitoci a birnin Faris suka fara gwada wanda muka sani da Largactil. A yau an fi amfani da haloferidol, olanzafin, risferidon ko kwitiyafin, kuma a baifola aiki biyu suke yi, suna kwantar da sambatun suna kuma sauko da maniyar kanta. Barci ne ke fara dawowa cikin kwanaki, surutu ya ragu, amma kafaffen tunanin kan ɗauki makonni kafin ya saki, don haka ba a cewa magani bai yi ba a makon farko. Akwai illa ɗaya da nake so kowane gida ya sani, domin tana korar mutane daga asibiti. Haloferidol da danginsa kan sa wuyan matashi ya murɗe, idonsa ya kafe sama, harshe ya fito ko muƙamuƙi ya riƙe, sai 'yan gida su ce ga aljanin ya bayyana. Illar magani ce, allura ɗaya ko ƙwayar Artane na warware ta cikin ɗan lokaci, sai dai ita ma da umarnin likita ake shan ta, tunda matasa sun mayar da irinta abin maye. Idan kuwa jiki ya sandare tare da zazzaɓi mai zafi da rikicewa, a garzaya asibiti a daren, kada a jira safiya. Inda ciwon ya ƙi jin magani, ko mara lafiya ya daina ci da sha har ransa ya shiga hatsari, akwai jinyar lantarki, wadda aka fara a Italiya a 1938. Sunanta na tsorata mutane, amma bisa ƙa'idar yau ana sa mutum barci da allura kafin a yi, aikin 'yan mintoci ne, kuma ko da yake takan bar mantuwar abubuwan da suka faru a kwanakin jinyar, tana cikin mafi saurin abin da muke da shi.

Yanzu ga tambayar da ta fi damuna, ta ajiye magani. Kada ya ajiye. Fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka yi cikakkiyar maniya sau ɗaya ciwon na sake dawo musu, ƙaninki kuwa, idan an lissafa na bara, zango biyu ya riga ya yi cikin shekara biyu. Lafiyar da yake ji yanzu ta gaske ce, amma maganin ne ke riƙe da ita, kamar yadda mai hawan jini ke ganin awonsa daidai saboda ƙwayar da yake sha. Ba a tumɓuke wannan ciwo daga saiwarsa, riƙe shi ake yi, kuma yana riƙuwa: ina duba malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da suka yi shekaru masu yawa ba su kwanta asibiti ba, suna aikinsu suna ciyar da iyalansu.

A ganina, kuma shi ne abin da manyan ƙa'idojin jinya suka tafi a kai, litiyam ne kan gaba wajen hana ciwon dawowa. Wani likita a Ostireliya, John Cade, shi ya ba da rahoton amfaninsa a 1949, kuma har yau shi ne maganin da hujja ta fi ƙarfi a kan cewa yana rage halaka kai ga masu wannan ciwo. Sharaɗinsa shi ne awo, domin tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce. Ana son ya zauna a jini tsakanin 0.6 da 1.0 a ma'aunin ɗakin gwaji, daga 1.5 zuwa sama kuma guba ta fara. Ana ɗaukar jinin awa 12 bayan shan na ƙarshe, a kuma riƙa duba ƙoda da tayirod kamar duk wata shida. Ƙoda ce ke fitar da shi, saboda haka duk abin da ya busar da ruwan jiki yana tara shi, kamar zafin Maris zuwa Mayu, gudawa da amai, da azumi a irin wannan zafi. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ake saya a kowane kemis ba takarda, da wasu magungunan hawan jini, su ma suna ɗaga shi, amma farasitamol ba ya yi. Karkarwar hannu mai ƙarfi, tangaɗi kamar mai maye, nauyin harshe da amai alamun guba ne, a dakatar da sha a tafi asibiti ranar. In ban da wannan, ba a yanke litiyam farat ɗaya, domin yin hakan na dawo da maniya da sauri. Yana yi mini ciwo cewa rashin wurin awo a kusa na sa likitocinmu da dama kauce masa, don haka idan kuna garin da ake awon, ki tambayi likitansa a kai.

Inda litiyam bai yiwu ba, akwai balfurowet, wanda aka fi sani da Epilim, ko a ci gaba da olanzafin ko kwitiyafin tare da lura da ƙiba da suga, domin suna buɗe ciki ƙwarai. Mai yawan mantuwa ana iya mayar da shi kan allurar da ake yi duk mako biyu zuwa huɗu. Epilim yana da gargaɗin da ya shafi mata: cikin jarirai goma da aka yi cikinsu uwa na shan sa, kusan ɗaya kan zo da naƙasar halitta, uku zuwa huɗu kuma kan sami matsalar koyo, shi ya sa ba a ba macen da ke shekarun haihuwa sai in babu makawa.

Abin da nake so ki fi sa wa ido a watannin nan shi ne faɗuwa, domin sau da yawa ita ke biyo bayan tashi, ga kuma kunya: ya farka ya ga shagon mahaifinsa ya rame, ya ji abin da ya faɗa a gaban jama'a, wataƙila wani ma ya ɗauke shi a waya. Faɗuwar da ta haɗu da sambatun zunubi ko murya mai ba da umarni tana cikin mafi hatsarin abin da ciwon ke kawowa. Idan ya koma ɗaki kamar bara, ki tambaye shi kai tsaye, cikin taushin murya, ko yana jin gara ya mutu. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da babu shi, sau da yawa ma sauƙi yake ji an taɓo abin da ke cinsa. A kawar da fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari daga inda hannunsa zai kai, ƙwayoyinsa su zauna a hannun mutum ɗaya, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kai shi asibiti ranar. Kada wani ya saya masa maganin damuwa irin amitiriftilin a kemis, domin shan sa shi kaɗai na iya tayar da maniya. Faɗuwar baifola tana da nata magunguna, kuma likitansa ne zai zaɓa.

Game da ruƙiyya, ban taɓa hana iyali addu'a da karatun Alƙur'ani a kan mara lafiyarsu ba, kuma mutane da yawa suna samun natsuwa da su. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, neman maganin asibiti kuwa riƙo da sababi ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duka, da hana barci, da turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, da cewa a ajiye ƙwaya don a gwada ƙarfin imani. Ya kamata kuma a tuna wa ƙaninki, don zuciyarsa ta huta, cewa hadisi ya lissafa wanda hankalinsa ya gushe cikin mutum ukun da aka ɗauke wa alƙalami har ya dawo hayyacinsa, don kada ya riƙa cin kansa a kan maganar walittakar da ya yi, kuma zai fi jin daɗi idan malamin da yake ganin girmansa ne ya faɗa masa. Batun azumi a zauna da likita tun Sha'aban, a daidaita shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur, a duba ko halinsa ya ba da dama, tunda shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Saura aure. Ciwon ba ya hana shi aure, mace mai fahimta ma ita ta fi kowa saurin gane alamun dawowarsa. Amma ina ganin wajibi ne a sanar da yarinyar da waliyyinta kafin ɗaurin aure, a faɗi sunan ciwon a kuma faɗi cewa yana kan magani. Na san nauyin wannan magana a wurinmu, na san tsoron a fasa, sai dai inda aka ɓoye wa amarya, ango kan daina shan magani don kada ta gani, ciwon ya tashi bayan 'yan watanni, dangi biyu su rabu da zargin yaudara. Za su tambayi gado, amsar gaskiya kuwa ita ce ciwon yana bin jini, amma hatsarin ɗan mai shi bai wuce kimanin ɗaya cikin goma ba, wato mafi yawan 'ya'yan ba za su same shi ba. Maganar jinin ta shafe ki ke da 'yan'uwanki mata ta wata fuska, domin rikicewar jego, wadda ke samun mace ɗaya ko biyu cikin haihuwa dubu, galibi a mako biyun farko, gida ɗaya suka fito da baifola. Duk mai jegon da ta kasa runtsawa ko da jariri ya yi barci, ta fara surutai a kwanakin suna, asibiti za a kai ta a ranar.

Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, ku zauna da shi tun yanzu da yake cikin hayyacinsa, ku rubuta alamunsa na farko kamar yadda suka zo bayan Babbar Sallah, ku kuma ƙulla yarjejeniya da yardarsa: idan ya yi dare biyu a jere bai yi barcin kirki ba kuma bai ji gajiya ba, wa zai kira likita, wa zai karɓi makullin shago da katin banki. Ƙarancin barci shi kansa yana kunna ciwon, makon biki kuwa mako ne na hidima da baƙi da kwanan zaune. A sami aboki ɗaya amintacce da zai ɗauke masa zirga-zirgar dare, ya tabbatar ya sha maganinsa ya kwanta a kan lokaci. A kuma nemi likitansa ya gan shi mako biyu kafin ɗaurin aure da mako biyu bayansa, zuwa na biyun tare da amaryar. A zuwan farko ki tafi da takardar tarihin da kuka rubuta, da kwalayen duk magungunan da ya sha tun daga asibitin farko.